Kamin ka saida tsohuwar motarka ka hau 'yar kat-kat, ga yadda za ka auna

Tun bayan sallar layya wani ƙanena ke cika min WhatsApp da hotunan RAV4 da Tucson, wai shi ma lokaci ya yi da zai hau mota mai tsawo, Corolla tai ta ishe shi. Na ce mishi toh madalla, amma zauna mu yi lissahi tukun. Abin da munka tattauna ne zan zuba nan, don na san ba shi kaɗai ba ne wagga zazzaɓi ta kama, daga Yamai har nan Tawa kowa 'yar kat-kat yake hange.

Tambaya ta hwarko, kuma ka amsa ma kanka tsakani da Allah: mi tsohuwar ta kasa yi maka? Ka kama sunan abin. In cikinta na bugun ƙasa duk lokacin da ka bar gudro ka nuhi ƙauye, wannan dalili ne. In iyali sun ƙaru kaya ba su shiga, ko kowane wata sai ta kwana garaj, shi ma dalili ne. In ko amsar ita ce abokan aiki duk sun canza kai kaɗai ka rage, to kwalliya kake son saye, ba laihi ba ne, kuɗɗinka ne, amma ka san sunan abin da kake biya.

Sai abin da mutane da yawa ba su gane ba sai sun biya. Waɗanga ƙananan SUV ɗin, wato 'yan kat-kat ɗin, RAV4, CR-V, Tucson, Sportage, X-Trail, Corolla Cross, har da na Sin da ke ta shigowa irin su Chery da Jetour, ba Land Cruiser ba ne kuma ba Hilux ba ne. Hilux na da shasi na ƙarhe daban wanda anka ɗora jiki bisa, su ko waɗanga jiki da shasi abu guda ne kamar ƙaramar mota, an dai ɗaga su sama. Kuma da yawansu ƙahwahun gaba kaɗai ke ja duk da muna ce musu kat-kat. Kada ka yarda da bakin dillali, duƙa ka leƙa ƙarƙashi, in ba ka ga ƙarhen da ya taho daga gaba ya shiga pon na baya ba to, in dai ba haibirid ba ce (mai aiki da mai da lantarki), ƙahwa biyu ke aiki, kuma ranar da ka shiga rairayin wajen Abalak ko Cintabaraden za ta zauna kamar kowace taksi. Ko mai ja da huɗun ma ba ta da ƙaramar giyar nan ta hita daga rairayi da manyan ke da ita. Abin da za ka samu na gaskiya shi ne tsawo: RAV4 na da wajen santimita 20 tsakaninta da ƙasa, Corolla ba ta kai 15 ba, kuma santimita biyar ɗin nan su ne bambancin tsallake dodan da duwatsun wajen Keita da Buza lahiya lau da hwasa tukunyar mai. Ni dai wannan ne kawai anhwanin da ban gardama da shi.

Yanzu kuɗɗi. Kowa kuɗin saye yake kallo, alhali mota bayan an saye ta take hwara ci. Tun Yulin 2024 litar isansi ta sauko daga 540 zuwa 499 F, dala ɗari ba tamma guda ke nan, kuma man Najeriya mai araha da anka saba saye a kwalba bakin hanya ya zama labari tun da sunka cire tallahi a 2023. A ce tsohuwarka na shan lita 8 a kilomita 100, sabuwar na shan 10. Tawa zuwa Yamai ta Konni da Dogon Dutsi da Doso wajen kilomita 550 ne, zuwa da dawowa 1100, wato lita 88 da lita 110, bambanci lita 22, kusan jikka 11 a tahiya guda. In kana cin kilomita 15,000 a shekara lita 300 ne, jikka 150 ta tahi ba ka ji ba. Kada ka ɗauki lambar da kamfani ya rubuta a takarda, ba su gwada da kilim a kunne cikin zahin Afrilu da mutum shida da buhun albasa a baya ba. Nemi wanda ke da irinta cikin gari ka tambaye shi nawa yake zubawa a sati.

Ka ɗora taya bisa wannan. Tayar RAV4 irin 225/65 R17 ba kuɗinta ɗaya da 'yar 15 ta Corolla ba, kuma huɗu za ka canza. In ka ga mai janti 19 da taya siririya kamar an shahwa mata roba, kyau gare ta a hoto amma rami guda ya isa ya kumbura gehenta. Buɗe baya kuma ka duba tayar sukur, don wasu sababbin na Turai ba su zuwa da ita sam, sai 'yar kwalbar gam da hamho, ka yi tunanin kanka da wannan tsakanin Badagishiri da Tsarnawa da dare. Asurans da binyat su ma suna bin ƙarhin inji, ka tambaya kamin ba bayan ba.

Inda na hi daɗewa da ƙanen nawa shi ne maganar makanike, don nan ake kuka. Sababbin motoci da yawa ƙaramin inji ne mai turbo, 1.5 ko 1.6, da buwat otomatik irin CVT, komi kuma kwamfuta ke riƙe da shi. Suna da daɗin tuƙi, ba musu. Amma suna son mai tsabtatacce, suna son man inji siriri irin 0W-20 da bidanj kan lokaci, kuma CVT ba ta son a yi ta murza ta cikin rairayi, zahi take yi ta ƙone, in ta ƙone kuma ba gyaran gindin bishiya ba ne. Na taɓa ganin motar wani abokina ta yi wata biyu a wani garaj saboda 'yar na'ura guda da ba ta kai akwatin ashana ba, an aika Kano babu, an aika Lome ana jira, shi ko shina biyan kabu-kabu kullum. Saboda haka kamin ka biya ko dala, je wurin mai gyaranka ka tambaye shi: ka taɓa buɗe irin wagga? Kana da injin da ke karanta kwamfutarta? Sannan ka zaga wurin masu saida piyas ka tambayi abu huɗu, amortisa, plaket na birki, hiltar iska da gilashin gaba. In duk amsar "sai an yi oda" ce, ka ji da kunnenka. Shi ya sa Toyota ke da tsada a ƙasar nan ko ta tsuhwa, piyas nata ko Konni ka samu, kuma ranar saidawa ba ka rasa mai saye. Na Sin suna da araha da kayan alatu cike, amma tambayi kanka wa zai saye ta hannunka bayan shekara biyar kuma nawa.

Mai gazuwal da ta hito Turai ni ban ba da shawara ga mai yawon cikin gari ba, matatar hayaƙinta na toshewa in ba ta samun doguwar tahiya, wasu kuma sai da ruwan AdBlue na tsabtace hayaƙi. Haibirid ta Toyota na rage shan mai sosai cikin cunkoson Yamai, sai dai batirinta na shan iska ta wata 'yar kahwa wajen kujerar baya, kuma ƙurarmu kun san ta, dole a riƙa share matatar. Rufin gilashi kuma, a garin da zahi ke kai 45, ban san wa ya roƙa ba.

Sai kalmar "sabuwa" kanta. Akwai sabuwa dal daga kamfani, kamar CFAO da ke saida Toyota a Yamai, mai garanti, yawanci shekara 3 ko kilomita 100,000, akwai kuma sabuwar shigowa, okaziyon da ta gama rayuwa guda a Amurka ko Beljiyam. Tun da iyakar Benin ta ruhe a 2023 motocin da da ke biyowa Kwatano sai sun zagayo, kuma kai za ka biya zagayen. In okaziyon ce, ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne a gindin gilashin gaba, ka gwada da ta kartagiris da takardar duwan, sannan ka sa wani yaro mai wayo ya bincika ta a intanet, motocin Amurka da yawa da sunka yi hatsari ko ruwa ya ci hotunansu na gwanjo na nan. Lambar tahiyarsu kuma mil ce, 100,000 a tablo kilomita 160,000 ne. Ɗaga kafet ka shinshina, duba tsatsa a ƙasa saboda gishirin da suke zubawa kan hanya lokacin ƙanƙara.

Gwaji kada ya zama zagaye ɗaya bisa gudro mai santsi da dillali na ta zuba maka surutu. Je da tsakar rana, inji a sanyaye ka tada shi da kanka, kunna kilim ka tsaya minti goma ka ga ko allurar zahi na motsi, kashe rediyo, ɗauki mutum huɗu a baya ka hau hanyar jar ƙasa mai gargada ka saurari ƙahwahu. Ka taho da mai gyaranka ka biya shi ladan yininshi.

Ƙanen nawa da ya kai Corolla tai aka yi mishi kuɗin amortisa huɗu da taya da gyaran kilim, bai kai kashi ɗaya cikin goma na cikon da zai yi ba. Ya ce bari damina ta wuce ya ga sau nawa za ta hana shi zuwa gona, in ta kai uku zai koma wurin dillalin. Hotunan dai har yanzu bai bar turo min ba.