Yadda ake sa wa mota tayoyi masu faɗi don filin tsere

Fara da karanta rubutun gefen tayarka. In ka ga 205/55 R16, faɗinta milimita 205 ne, kana iya komawa 225/50 R16 tunda tsayinsu kusan ɗaya. Kafin ka biya kuɗin ƙarfen taya, ƙirga ramukan noti, ka auna tazararsu. 4x100 (ramuka 4 a da'ira mai faɗin milimita 100) ba ya shiga 5x114.3 (ramuka 5 a da'ira mai faɗin milimita 114.3), ko me mai shago ya rantse maka.

Ɗaga motar da jak a ƙasa mai tauri, ba kan yashin Yamai ba. Sa tayar, ɗaure notuna a gicciye. Sauke motar, murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka leƙa ko tayar tana gugar bodi. Iska da sassafe ake auna ta, tayar na sanyi. Bayan kilomita 50 sake ɗaure notunan.