Kurakuran da aka fi yi a wurin ajiye jirage idan mai saukar ungulu na kusa

Babban kuskure shi ne a ɗauki jirgi mai saukar ungulu kamar sauran jirage. Jirgi mai fukafukai baya yake tura iska. Shi kuwa wannan ƙasa yake danno ta, ta bugi daɓe, ta watsu ta kowane gefe. Ƙa'idar da matuƙa suka sani ita ce a bar tazarar da ta kai faɗin babbar farfela sau uku idan yana shawagi dab da ƙasa. Faɗin farfelar Mi-17, wani samfurin jirgi mai saukar ungulu, ya ɗan haura mita 21, ke nan duk ƙaramin jirgin da ke cikin mita 64 yana cikin haɗari. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 marar kaya bai kai tan ɗaya ba, iskar na iya ɗaga masa fiffike ko ta fizge ƙofar da aka bari a buɗe. Gyaran ba wuya: a sa waigi gaba da bayan taya, a ɗaure fukafukai da wutsiya, a kulle sitiyari, a rufe ƙofofi.

A Maradi ƙura na ƙara dagula lamarin, musamman da hunturu. Rairayin da iska ta tara a gefen daɓe kan turnuƙe har matuƙi ya daina ganin ƙasa da mai ba shi hannu. A share wurin tun kafin jirgin ya iso. Baƙar leda kuwa, wadda kowa ya raina, tana saurin faɗawa bakin inji.

Sai yadda ake tunkarar jirgin. Kada a taɓa zagayawa ta baya: farfelar wutsiya in tana gudu ba ta ganuwa, kuma a jirage da yawa daidai kan mutum take. A tsaya inda matuƙi ke gani, a jira ya yi alama, a shiga a sunkuye ta ɓangaren da ma'aikatan jirgin suka nuna, don akwai jiragen da gabansu ne ya fi haɗari. Mutane kan saki jiki da zarar an kashe inji, alhali lokacin da farfela ke rage gudu ne take lanƙwasowa ƙasa in iska ta kaɗa. Jar fitila mai walƙiya ta jikin jirgin na kunne? To, ba a matsowa.

Hula, mayafi da hannun babbar riga, a riƙe su gam. In hula ta tashi a ƙyale ta, ba a bin ta da gudu. Tsani da dogon ƙarfe a kwance ake ɗaukar su, ƙasa da ƙugu.

Wajen shan mai, kada a fara sai an haɗa wayar da ke tsakanin tanka da jirgi, don busasshiyar iskar hunturu na tara lantarkin da ke haddasa tartsatsi. A kuma duba launin man: 100LL, fetur ɗin ƙananan jirage, shuɗi ne, Jet A-1, man injin jet, fari kamar kananzir.