Yadda Ake Cin Abinci a Gidan Abincin Kanton Ba Tare da An Shiga Ruɗani Ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Guangzhou sayo kaya ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa a shago ko a masana'anta, domin sau da yawa idan an daidaita a kan farashi, mai kayan zai ce a haɗu da daddare a ci abinci. Guangzhou shi ne babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin Chana, shi ne Turawa suka daɗe suna kira Kanton, kuma daga nan ne sunan girkin yankin ya samo asali, girkin da ake ci har a Hong Kong da Makawu. Bajekolin Kanton, wanda aka fara a 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara, yana tara baƙi daga ko'ina, cikinsu har da mutanenmu. Da yawa daga cikinsu sukan maƙale a unguwar Xiaobei, inda ake samun abincin da suka saba da shi, su dawo gida ba su taɓa ɗanɗana abincin garin ba. Tsoronsu yana da hujja, amma akwai hanyar da mutum zai bi ya amsa gayyata, ya ci ya ƙoshi, bai ci abin da addininsa ya hana ba, bai kuma kunyata mai masaukinsa ba.

Matakin farko yana gabanin a zauna, wato zaɓen gidan. Idan kai ne aka gayyata, ka faɗa wa mai gayyatar tun da rana cewa ba ka cin alade kuma ba ka shan giya, kada ka bari sai an jera kwanuka a gabanka. Kalmar da Sinawa suka sani ita ce qingzhen, wadda ake rubutawa 清真 a allon gidajen abincin Musulmi, galibi da koren fenti. Ka adana hoton waɗannan haruffa biyu a wayarka. Mafi yawan gidajen da ke ɗauke da wannan alama a Guangzhou na mutanen arewa maso yamma ne, masu taliyar hannu ta Lanzhou da gasasshen naman rago, kuma wannan ba girkin Kanton ba ne. Wanda yake son ainihin girkin garin da naman halal sai ya nemi Huimin Fandian, tsohon gidan abincin Musulmi da ke titin Zhongshan, ba nisa da masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya. A Hong Kong kuwa akwai ɗakin cin abinci na cibiyar Musulunci da ke Wan Chai, a ginin masallacin Ammar, inda ake yin ƙananan abincin safe na Kanton ba tare da alade ba.

Amma mai gayyata ba kullum yake kai mutum irin waɗannan wurare ba. Yakan zaɓi babban gida na zamani, mai fitilu ja da teburin mashaya a gefe guda, inda ake haɗa giya kala-kala, domin a ganinsa ta haka ne zai nuna ya girmama baƙo. A nan ne ake buƙatar sanin abin da ke cikin kwano, kuma abin da ya kamata a gane shi ne, aladen da ake gani da ido ba shi ne matsala ba. Char siu, jan gasasshen naman da ake ratayewa a bayan gilashi, kowa zai gane shi ya kauce masa. Wanda ke kama mutum shi ne wanda ya narke cikin romo da kitse. Miyar da ake kawowa a farkon cin abinci, wadda mutanen Kanton ke alfahari da dafa ta sa'o'i da dama a ƙaramar wuta, yawanci da ƙashin alade ake kafa ta, ko da an kira ta miyar kankana ko ta naman kaza. Romon da manyan masu girki ke zubawa a kan ganye da taliya shi ma akan dafa shi da kaza da alade. Yajin da ake kira XO, wanda aka ƙirƙiro a Hong Kong a shekarun 1980, sunan wata giya ya ara duk da babu giyar a cikinsa, amma tare da busassun kayan ruwan da aka haɗa shi da su akwai busasshen naman cinyar alade. Sai giyar shinkafa, musamman ta Shaoxing, wadda ake ɗan tsiyayawa a kasko yayin suya ko a jiƙa nama da ita.

Na taɓa zama a wani gida a gefen kogin Lu'ulu'u da ya ratsa Guangzhou, abokin cinikina ya yi odar ganye musamman saboda ni, yana murna ya samo abin da zan iya ci. Da aka kawo farantin, ganyen kore shar yana ƙyalli, sai na ga wasu 'yan ƙananan gutsattsari masu launin ƙasa a tsakaninsa, kamar soyayyar albasa. Na tambaya, mai hidimar ta ce ai ba nama ba ne, ɗan kitse ne kawai don ƙamshi. A wurinta kitse daban, nama daban, kuma ba da mugunta ta faɗa ba. Tun daga ranar na daina cewa ba na cin naman alade kawai, na koma lissafowa ɗaya bayan ɗaya: ban da nama, ban da kitse, ban da romonsa, ban da giyar girki. Ka sa wani ya rubuta maka wannan da Sinanci a waya, ka nuna wa mai hidima kafin a rubuta oda, domin fassarar baki a cikin hayaniyar gidan abinci ba ta cika isar da saƙo ba.

To me za a ci? Sa'ar da muka yi ita ce, abin da girkin Kanton ya fi ƙwarewa a kai shi ne kayan ruwa, kuma a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, abin da ke rayuwa a cikin ruwa halal ne. Ka nemi turararren kifi. A gidaje da yawa akwai manyan tankunan gilashi a bakin ƙofa, za ka nuna kifin da kake so da ransa, a auna shi a gabanka, a turara shi da ɗanyar citta, a watsa masa yankakken lawashi, a kwarara masa tafasasshen mai da ɗan ruwan waken suya mai gishiri. Babu yaji, babu tarugu, kuma wanda ya saba da miya mai kauri zai ji shi salam a loma ta farko, amma a ta uku zai gane cewa zaƙin kifin kansa ake so a ji. Ka roƙa a yi amfani da man gyaɗa, a bar giya. Jatan lande da aka dafa a ruwan zafi kawai, kaguwa da citta da lawashi, ganyen choy sum ko gai lan da tafarnuwa, da farar shinkafa, sun isa su cika tebur. Kaza da agwagwa da dinya da tattabara kuwa, duk da suna cikin abin da gidajen Kanton suka shahara da shi, matsalarsu yanka ce, don haka a bar su sai a gidan da ke da alamar halal.

A kula da farashin kifi. Ba a cika rubuta kuɗinsa a takardar abinci ba, sai a rubuta cewa farashin ranar ne, kuma da nauyi ake sayarwa. Ma'aunin da ake kira jin a Guangzhou giram 500 ne, na Hong Kong kuwa ya ɗan haura giram 600. Ka tambayi kuɗin jin ɗaya da nauyin kifin gaba ɗaya kafin a tafi da shi kicin, domin kifi ɗaya mai tsada yana iya fin kuɗin duk sauran abincin.

Idan gayyatar ta safe ce ko ta rana, to yum cha ce, wato shan shayi tare da ƙananan abincin da ake kira dim sum, waɗanda ake kawowa a cikin 'yan madambatan gora, uku ko huɗu a kowanne. Tsofaffin gidaje irin su Tao Tao Ju, da aka kafa a 1880, sun yi suna a kan wannan. A gaskiya, a gidan da ba na halal ba, wannan ne zama mafi wuya ga Musulmi, domin a cikin nau'o'in dim sum, wanda ake kira siu mai alade ne da jatan lande, har gow da ake ɗauka jatan lande ne zalla akan sa masa kitsen alade, kuma ɓawon kek ɗin ƙwai ma sau da yawa da kitsen ake murza shi. Ni dai shawarata a irin wannan zama ita ce mutum ya tsaya a kan shayi da faten shinkafa marar haɗi da dafaffen ganye, ya ajiye kwaɗayin dim sum sai ya je inda ya amince da shi.

Shayin kansa yana da ladubbansa. Da zarar an zauna za a tambayi irin wanda ake so, ko pu'er mai duhu, ko tieguanyin, ko na fure, kuma ana cajin kuɗinsa a kan kowane mutum ko ya sha ko bai sha ba. Za a kawo buta da wani babban kwano. Zubin farko ba na sha ba ne, da shi ake ɗauraye kofi da cokali da tsinkayen cin abinci, a juye ruwan a babban kwanon, kuma baƙi da yawa sun kurɓe shi kafin a ankarar da su. Idan za ka zuba shayi, ka fara da na kusa da kai, naka ya zo ƙarshe. Idan wani ya zuba maka, ka ƙwanƙwasa tebur a hankali da yatsu biyu, godiya ke nan ba tare da an katse hira ba. Idan buta ta ƙare, ba a ɗaga murya a kira kowa, sai a ɗage murfin a bar shi a karkace, mai hidima zai gani ya ƙaro ruwan zafi.

Teburin zagayayye ne, da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya, kuma abinci na kowa ne kamar yadda muke haɗuwa a tire ɗaya, sai dai kowa yana ɗiba zuwa ɗan kwanonsa. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ta babban baƙo ce, a jira a nuna wa mutum wurinsa. Kada a juya faifan alhali wani yana ɗiba, kuma a yi amfani da tsinkayen da aka ware don ɗiba, waɗanda galibi launinsu ya bambanta. Ba a kafa tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da suke kunna wa mamata. Idan an cinye gefe ɗaya na kifi, ba a kifa shi, sai a ɗage ƙayar a ci na ƙasa, al'adar da ake dangantawa da masunta masu gudun kifewar jirgi. Wanda bai iya tsinkaye ba ya nemi cokali mai yatsu, babu wanda zai ga laifinsa.

Sai maganar giya, wadda ta fi damun mutanenmu. A liyafar kasuwanci akan kawo baijiu, farar giya mai ƙarfin gaske da sinadarin mayen da ke cikinta kan kai kashi 50 cikin ɗari, a riƙa ɗaga kofi ana cewa ganbei, wato a shanye. Ƙin ɗaga kofi gaba ɗaya yana iya zama kamar raini, amma su kansu Sinawa suna da mafita a al'adarsu, wadda suke kira yi cha dai jiu, ma'ana shayi a madadin giya. Ka miƙe, ka riƙe kofin shayinka da hannu biyu, ka sa bakinsa ya ɗan yi ƙasa da na wanda ya girme ka, ka faɗi kalmar alheri, ka kurɓa. Idan ka faɗa sau ɗaya a fili cewa addini ne ya hana ka, yawanci ba a sake matsa maka. Wanda kuma yake ganin zama a teburin da ake shan giya bai halatta gare shi ba, ya fi kyau ya nemi a mayar da gayyatar ta rana ko a gidan halal tun farko, maimakon ya tashi ana tsakiyar ci.

A gidajen da ke da mashaya, takardar abin sha takan zo da sunaye masu daɗin ji, da lemon tsami da citta da 'ya'yan lychee da shayin fure, har mutum ya zaci lemo ne. Sunan ba ya nuna komai. Ka nemi sashen da aka rubuta babu giya, ka kuma sake tambaya, domin wasu masu haɗawa suna ɗiga wani ruwa mai ɗaci don ƙamshi, wanda shi ma da giya ake yin sa. Ruwan kwakwa, ruwan rake, ko shayin ganye mai sanyi da mutanen Guangdong ke sha don rage zafin jiki, duk sun fi kwanciyar hankali.

Idan aka kawo yankakkun 'ya'yan itatuwa, alamar an kusa tashi ce. Kalmar neman lissafi ita ce mai dan. Wanda ya yi gayya shi ke biya, kuma ba a raba kuɗi a liyafar kasuwanci, amma ana so baƙo ya nuna yunƙurin biya sau ɗaya ko biyu kafin ya haƙura, sannan ya rama gayyatar wata rana. A Guangzhou ba a ba mai hidima tukwici, a Hong Kong kuwa yawancin gidaje suna ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan lissafi. Idan kai ne mai biya, ka duba takardar, za ka ga kuɗin shayi, wani lokaci da na gyaɗar da aka ajiye tun farko da na takardar goge hannu, ko da ba ka nema ba. A Guangzhou kusan kowa da waya yake biya, ta manhajojin Alipay ko WeChat Pay, waɗanda tun 2023 suke karɓar katin banki na ƙasashen waje, don haka ka haɗa katinka ka gwada shi a ƙaramin shago tun kafin daren gayyatar, ka kuma riƙe 'yan takardun yuan, kuɗin Chana, a aljihu ko da intanet za ta ƙi.