Ga wanda fargaba ta hana barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu da ke Gusau da ƙauyukan kewaye mun san yadda labarin hari ke sa gaba ya yi ta faɗuwa, ko da mutum yana kwance cikin ɗakinsa. Ga abin da ya taimake ni.

Idan zuciya ta fara dukan uku-uku, zauna ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar a hankali ta baki kana ƙirga 6. Maimaita kamar sau 10. Jan fitar numfashin shi ke kwantar da bugun zuciya. Ni nakan haɗa da zikiri.

Bayan isha'i a ajiye waya, don Allah. Bidiyon gawarwakin da ake turowa a WhatsApp ba ya ƙara mana tsaro, sai dai ya kwana a ido. Goro da shayi mai kauri kuwa, a bar su tun la'asar.

Amma in an kai mako 2 babu barci, babu cin abinci, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a tsaya ga tofi kaɗai. A raka shi wurin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Kuma kada a bar shi shi kaɗai.