Darasi na Bakwai: Yaron da Ke Komawa Baya

A wani gida a Aboabo, cikin Kumasi, akwai yaro ɗan shekara 3. Bara yana bin awaki da gudu, yana cewa “Inna, ruwa.” Bana sai faɗuwa yake yi, farfaɗiya ta kama shi, kalmomin da ya iya suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kakarsa ta ce iska ce. Dangin miji kuwa uwar suke kallo.

Jinkirin tafiya daban, komawa baya daban. Yaron da ya iya abu sannan ya rasa shi, a kai shi ga likitan yara, a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu, kada a jira.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kawo haka ita ce cutar Batten, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1903. Ba kasafai ake samunta ba. Akwai wani sinadari mai share dattin cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan babu shi, datti ya taru kamar kwatar da ta toshe da damina, ƙwayoyin su riƙa mutuwa. Wani nau'inta yakan fara tsakanin shekara 2 zuwa 4. Magana da tafiya su tafi, daga baya gani ya bi.

Gado ce, kuma daga ɓangare biyu, irin na sikila. Uba yana ɗauke da ita, uwa ma haka, dukansu lafiya ƙalau. Don haka babu dalilin ɗora wa matar laifi ita kaɗai. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ita su haɗu.

Maganin warkewa babu tukuna. A 2017 Amurka ta amince da maganin Brineura, mai rage saurin nau'in nan da ke farawa tsakanin shekara 2 zuwa 4, amma tsadarsa ta wuce misali. Farfaɗiyar dai tana da magani. In ta tashi, kwantar da yaro ta gefe, kada a sa masa cokali a baki. Ɗauki bidiyo da waya, ku tafi da littafin awo.

Aiki: jefa sulalla biyu sau 20. Ƙirga sau nawa duka biyun suka faɗo ta fuskar tambarin Ghana. Za ku ga wajen ɗaya cikin huɗu ne. In uwa da uba duka suna ɗauke da cutar, haka yiwuwar ciwon take a kowane ciki, ko da na baya ya fito da shi.