Babi na 7: Raba Bargo da Warin Taba Sigari

Darasi na 1: Jiƙawa da wanki

Hayaƙin taba yana da wani maiƙo mai danƙo da ke maƙalewa a zaren bargo. Turaren wuta ko humra ba sa cire shi, rufe shi kawai suke yi, yara kuma su kwana suna shaƙa. Sai an wanke.

Ku fitar da bargon waje ku kakkaɓe shi sosai. Ku zuba ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya shiga, a babban baho. Idan bargon na ulu ne, ruwan sanyi za ku sa, don zafi yana tsuke ulu. Ku zuba farin ruwan khal, wanda masu shago ke kira binega, kimanin cikin gwangwanin madara 1, a ruwan bahon. Ku danna bargon har ruwa ya rufe shi, ku bar shi awa 1. Daga nan ku wanke da omo, ku yi ta ɗaurayewa har kumfa ta ƙare. Kada a kuskura a haɗa khal da Hypo, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Darasi na 2: Shanya

'Yan'uwa, a nan ɗalibai suka fi faɗuwa, don haka mu bi a hankali. Kowa zai iya, haƙuri kawai ake so.

Legas ba Kano ba ce. Muna bakin teku, iskar garin cike take da laima, balle a watan Yuni da Yuli da ruwa ba ya ɗaukewa. Bargon da zai bushe kafin la'asar a Arewa, a nan yana iya kwana 2 da danshi. Ku matse shi ku biyu, kowa ya kama gefe. Ku baza shi a kan igiya a buɗe, kada a ninka. Da azahar ku juya shi. Kafin ku kwashe, ku taɓa kusurwa 4, ku taɓa kalmasar gefe, ku taɓa inda ya hau igiya. In kun ji sanyi ko a wuri ɗaya, bai bushe ba. Ku mayar.

In sake faɗa: bai bushe ba, ku mayar. Na san a gidajen haya na Agege da Idi-Araba igiya ɗaya ce ta kowa, maƙwabta na jira. Ku roƙe su, ko ku ɗaura wata. In hadari ya taso, ku shigar da shi ɗaki ku baza a kan kujeru ƙarƙashin fanka, gobe ku sake fitarwa.

Haba Malam, haba Malama! Sau nawa za a faɗa? Mutum ya ninke bargo da danshi ya tura cikin akwati, fumfuna ta kama shi, sannan ya zo aji yana cewa darasi bai yi aiki ba. Gaggawa ce ta ɓata. Ku taɓa kusurwa, ku taɓa kalmasa, ku taɓa tsakiya.

Darasi na 3: In da sauran wari

Ku barbaɗa bekin soda a kan busasshen bargo, ya kwana, da safe ku kakkaɓe a waje.

Darasi na 4: Kiyayewa

Mai shan taba ya riƙa fita waje. Bargon da ba a amfani da shi a sa a jaka a zuge.