Yadda ake kula da foklif a sito

A sito-siton Kaase da ke Kumasi a Ghana, foklif (injin ɗaga kaya) ɗaya kan wuni yana sauke buhunan shinkafa da jarkokin mai daga kwantenar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Ranar da ya tsaya, aiki ya tsaya. Minti goman da direba zai ba shi da safe kafin ya tayar, su ne ke hana hakan.

Fara da duban ƙasa inda ya kwana. Ɗigon mai alama ce ta yoyo, sau da yawa daga tiyon haidirolik. Kada ka laluba da hannu: man da ke cikin matsi yana huda fata. Kara kwali a wurin, tabon zai fito. Sai baƙin mai, ruwan lagireto, birki, hon da tayoyi. Idan foklif ɗin mai tukunyar gas ne, shafa ruwan sabulu a mahaɗa. Kumfa ta taso, rufe tukunyar.

Yatsun ƙarfe biyu na gaba, masu ɗaukar kaya, su ake yawan mantawa. Auna kaurinsu a dunduniya, wurin lanƙwasa. Idan kashi 10 cikin ɗari ya cinye, ƙarfin ɗaukarsu ya ragu da kusan kashi 20, kuma jan su a kan siminti ne ke cinye su. Wanda ya tsage, a sauya su duka biyu. Kada a kai wa mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, duk iya hannunsa, domin zafin wuta yana kashe ƙarfin wannan ƙarfe. Sarƙar ɗagawa kuwa, da ta miƙe da kashi 3 cikin ɗari ta gama aiki.

Sabis ba da kalanda ake yinsa ba, da agogon awa na jikin injin. Baƙin mai da matatarsa galibi duk awa 250 ne, amma littafin injinka shi ne alƙali. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na toshe matatar iska da lagireto, inji ya riƙa zafi yana baƙin hayaƙi. A hure su da iska duk mako. Sarƙa kuma a goge ta kafin a sa mata mai, don ƙura da mai in sun haɗu gurzar ƙarfe suke yi.

Foklif mai batir: kada caji ya sauka ƙasa da kashi 20. Tataccen ruwa (distilled) kawai ake ƙara wa batir, ba asid ba, ba na famfo ba, kuma bayan caji, ba kafinsa ba, in ba haka ba ya tumbatso. Wurin caji ya zama mai iska, ban da sigari.

Wajen tuƙi, kaya su tashi kamar santimita 15 daga ƙasa, a ɗan kwantar da su baya. A gangara kaya su fuskanci tudu, hawa ko sauka. Sun tare maka gani? Tafi da baya. Ɗaura bel, in injin zai kife kada ka yi tsalle, riƙe sitiyari gam, ka karkata ɓangaren da ba a faɗuwa.